Ranar da Cindo Mai Shamuwa Ya Ce Ba Ya Gani

Kafin ladan ya gama gyaran murya Cindo ya riga ya yi alwala. Da an sallame Asuba ba ya tsayawa gaishe-gaishen ƙofar masallaci. Sai ya ja sandarsa ya koma gida, ya shimfiɗa tsohon buzunsa a gindin tsamiyar da ta yi wa tsakar gidansa rumfa, ya jingina, ya ɗaga kai sama. Haka zai zauna har hantsi ya ɗaga. In rana ta yi sanyi ya sake komawa, sai Magariba ta tashe shi. Baƙo in ya leƙo ya gan shi cewa zai yi ga ragon gari. Mu ma da muka san shi mun sha faɗin haka a bayan idonsa, Allah ya yafe mana. Alhali aiki yake yi, kuma cikin kowane mahaluki a ƙauyenmu na Tsamiya Uku ya dogara da wannan zaman nasa fiye da shekara talatin.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai an yi masa bayani. Daga Ɗanzomo har ka dangana da Maigatari rairayi ne, ba ya riƙe ruwa. Sama kan yi mana ruwa guda mai kyau, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ɗauki sungumi ya zuba irinsa, sannan ta ɗauke ƙafa kwana ashirin. Gero ya tsiro ya ƙone. Mai sauran iri ya sake shukawa, marar shi ya kama bin dangi. Saboda haka babbar tambaya a wurinmu kowace shekara ita ce, wannan ruwan na shuka ne ko na yaudara? Cindo ke amsa ta, kuma daga shamuwa yake karanto amsar.

Kowa ya san shamuwa na zuwa gaban damina, wannan ko jariri ya sani. Abin da Cindo ya fi mu shi ne haƙurin kallon abin da suke yi bayan sun zo. In sun sauka suna tsaye cirko-cirko a kan reshe ba su taɓa tsohuwar sheƙa ba, ya ce a bar iri a rumbu ko da an yi ruwan da ya cika kududdufi. In sun fara ɗauko kara, a wasa sungumi. Sai ɗaya ta kwanta a sheƙa ba ta tashi, ɗayan kuma ya fita kiwo ya dawo da wuri, sannan zai aika wa Bulama cewa ruwan da ya biyo baya a bi shi da shuka. Ban ce haka yake a littafi ba, na duba nawa ban gani ba. Na dai ce shekara talatin muna bin maganarsa, sau biyu kaɗai ya kuskure, kuma duka biyun shi ya fara zuwa ƙofar Bulama ya ce laifinsa ne.

Ladan aikin kuwa dami ne. In kaka ta yi, kowane gida kan kai masa damin gero guda, muna kiransa damin shamuwa. Da yana da ƙarfi bai damu da shi ba, yakan ma raba wa gwauraye. Yanzu da gwiwa ta ƙi, gonarsa ta koma saura, wannan damin ne tuwonsa, shi ne furarsa. Ku riƙe wannan, don a kansa maganar take.

Bulama Ɗantsoho, mai garinmu, yana raye, ku tambaye shi abin da ya faru shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa. Mu da muka ga wannan yunwar ba ma son tuna ta. An ci tafasa, an ci ƙwallon aduwa, an tone gidan tururuwa ana neman tsabar da ta ɓoye. An cinye iri kaf. Bulama ya ba da dokinsa a can wajen Damagaram aka ba shi geron da bai cika rumbu ɗaya ba, shi ne irin gari duka. Sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito da sungumi, wasu da ƙyar suke tsayuwa, suka yi wa rumbun zobe. Cindo ya zo ya zauna a gindinsa ya ce, "Ba su ɗauki kara ba. Wanda zai buɗe rumbun nan sai ya ɗaga ni." Aka zage shi ta uwa ta uba. Kwana goma sha ɗaya yana nan. A cikin kwanakin ne babban ɗansa Hussaini ya cika, yunwa ta riga ta gama da shi tun rani. Aka kai shi, Cindo ya dawo daga maƙabarta ko gida bai shiga ba ya koma gindin rumbu. Ƙauyuka biyu da ke gabas da mu sun yi shuka a wannan ruwan, yau kufai ne, mutanensu sun watse. Mu muka shuka a na biyu, muka ci.

Kai ne ka yi wannan, Cindo mai yatsa shida, na Kande mai tsamiya. Kai ne ka zauna kan abincin da zai iya tsayar da ran ɗanka ba ka ɗebi ko tafi ɗaya ba. Ba a yi maka kiɗa ba, ba a naɗa maka rawani ba, mutanen da suka zage ka ma ba su dawo sun ba ka haƙuri ba, sai dai suka riƙa gaishe ka da ɗan rusunawa. Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Wannan kowa ya yarda jarumta ce. Abin da ya sa ni rubutu shi ne wanda ka yi bana, wanda har yau gari ke ganin laifi ne.

Sai na faɗi wace ce Kande. Matarsa ce, ita kaɗai, shekara arba'in. Gajeruwa ce mai faɗa, muryarta ta fi jikinta. Duk wanda ya bi ta bayan dangarsu ya san irin hirarsu. Tana daka tana mita: an bar mata kashin tsuntsu a kan shanya, an hana ta sare reshe ko ɗaya ta yi girki, ita dai ta auri mutumin da wuyansa ya ƙage yana kallon sama. Shi kuma ya ce in ta gaji ga hanyar gidan ubanta nan, ta ce ai gidan ya rushe tun zamanin da, shi ya sa yake mata gori. Bayan Hussaini ɗa guda ya rage musu, Ɗantala, shi kuma ya bi ayarin gyaɗa zuwa Kano shekara shida ke nan, ko saƙon gaisuwa babu. Suka rage su biyu da tsuntsayensu.

Abin da ba mu sani ba shi ne wata farar yana ta fara rufe idon Cindo tun shekara uku da suka wuce. A hankali ta zo, har ya zamana ba ya rarrabe komai sai haske da duhu. Ba wanda ya lura, don dama da sanda yake tafiya, ƙafarsa ta haddace kowane lungu, kuma yana gane kowa da murya. Kande kaɗai ta sani. Ita ta matsar da turminta gindin tsamiya, tana daka tana ɗaga kai tana faɗa masa. "Malam, ga biyu can a reshen gabas, ɗaya da kara a baki." Ya ce busasshe ko ɗanye? Ta ce, "Busasshe mana, ina aka ga ɗanye yanzu?" Ya ce wadda ke sheƙar sama ta tashi? Ta ce tun safe tana nan kamar an dasa ta. Mu muna wucewa muna jin su, muna cewa tsofaffi sun fara surutun tsufa. Damina uku da idonta da saninsa aka yi mana shuka, kuma ba a kuskure ba ko sau ɗaya.

Sanƙarau ya ratsa garuruwa a bazarar bana. Kwana biyu Kande ta yi a kwance, ana saura kwana ashirin a kama azumi aka kai ta makwancinta.

Ƙaramar Sallah ta faɗo daidai bakin damina. Ranar jajibere da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, da safe muka tafi Idi ƙasa na danƙare wa mutane a ƙafa. Da aka sauko aka taru a ƙofar Bulama kamar kullum, aka fito da tuwo da fura, aka baje ana hira. Rabon da in ga fuskokin mutane a sake haka tun kafin ciwon nan ya shigo. Bappa Sajo, Bafulatanin da rugarsa ke yamma da gari, ya ce belbelu sun dawo bin shanunsa, har ɗaya ta hau bayan bijimi ta yi zamanta kamar ta biya kuɗin hawa. Wani ya ce ya ji kukan gauraka wajen fadama. Wani ya ce shi shirwa ce ta dame shi, ta ɗauke wa matarsa 'yan tsaki uku, yanzu shi ake wa fushi kamar shi ya aiko ta. Aka yi dariya. Ilu, wani magidanci mai gona mafi girma a garin da baki mafi tsawo, ya ce shi jiya ya ƙirga shamuwa tara a kan tsamiyar Baba Cindo, kuma da ganin yadda suke tafiya da ƙasaita ya san damina ta zauna. Aka ce masa to tunda ya iya, a naɗa shi mana. Cindo na gefe a kan buzunsa, da rigar Sallarsa ta saƙi wadda Kande ta wanke ta ajiye tun kafin ta kwanta. An ajiye masa ƙwaryar fura a gabansa bai taɓa ba, muka ɗauka baƙin ciki ne. Bai san tana wurin ba.

Can Bulama ya yi gyaran murya aka yi tsit. Ya ce, "To, Baba Cindo, ga ruwa Allah ya ba mu goron Sallah. Bara ba ta yi auki ba, irin da ke hannun mutane na zubi ɗaya ne. Me tsuntsayenka suka ce? Mu fita gobe ko mu dakata?"

Daga baya Cindo ya gaya mini abin da ya yi ta juyawa a ransa kafin ya amsa. Kwana da kwanaki yana kasa kunne a gindin tsamiya. Yana jin fukafukansu, yana jin ƙarar reshe in sun sauka, amma kunne ba ya gaya maka ko tsuntsuwa ta kwanta a sheƙa. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa. In ya ce a dakata, ko ya ce a shuka, ba mai musa masa, kuma ko an yi asara za a ce ikon Allah. Damin shamuwa zai zo a kaka yadda ya saba zuwa, bana da baɗi, har ranar da za a kai shi kusa da Kande. In kuwa ya faɗi gaskiya, ya san mutanensa, ya san abin da zai biyo baya. Ya ce tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a gindin rumbu, don can yana da ƙarfi da mata da sauran ɗa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na gani."

Bulama ya ce, "Ba ka ga alama ba tukuna?"

"A'a, ranka ya daɗe. Idon ne babu. Kai kanka da kake gabana inuwa nake gani. Shekara uku ke nan. Marigayiya ke duba mini tana faɗa mini, ni kuma ina faɗa muku. Yanzu ba ta. Ban san abin da ke kan tsamiyar nan ba, kuma ba zan faɗi magana da ka in sa irin mutane a ƙasa ba. A ba ni mutum ɗaya mai ido da haƙuri ya zauna kusa da ni kwana uku, in sha Allahu zan ba ku amsa."

Da a ce a nan wani dattijo ya tashi ya kama hannunsa, da ban yi wannan rubutu ba. Ilu ne ya fara magana. Ya ce, "Af! Ashe shekara uku mace ke mana shuka? Muna ta kai dami, ashe na mai turmi ne!" Wasu suka kwashe da dariya, wasu suka ɓata rai da gaske, wai an yi musu rufa-rufa. Bappa Sajo kaɗai ya ce, "Kai Ilu, geron da matar ta sa ka shuka, ka ci ko ba ka ci ba?" Maganar mutum ɗaya mai ido kuwa ta bi iska. Wa zai bar yawon Sallah ya je ya zauna gindin tsamiya tsuntsu na yi masa kashi a sabuwar riga? Ni da nake wannan faɗan ina wurin, da allona da tawadata da sunan malami, ban ce uffan ba. Na ji kunya a lokacin, kuma ina jin ta har yanzu.

Washegari Ilu ya fita da sungumi, kafin azahar gari duka ya bi shi. Sama ta ɗauke kwana goma sha tara. Tsiron ya fito kore shar, muna kallo ya yi ja, ya kwanta. Aka kora awaki kasuwar Maigatari aka musanya da irin da ba a san asalinsa ba, aka sake shuka a makare. Sai kuma gari ya juya kan Cindo. Wai da ya ce a dakata kawai, ai da an tsira. Har gida Ilu ya same shi da wannan maganar, ina zaune. Ya ce, "Baba, kalma ɗaya fa! Ko da ka ka faɗe ta, ai da ta dace."

Cindo ya ce, "Da ta dace, Ilu. Baɗi kuma ku sake zuwa ku tambayi makaho, ya sake faɗa da ka. Ran da ba ta dace ba, wa zai gaya muku dalili? Gara ku ji haushina kuna sane da inda kuke."

Kai ne ka faɗi wannan, Cindo. Na yi karatu gaban malamai a Gumel, na ga masu rawani da yawa, ban ga wanda aka tambaya a gaban jama'a ya ce ban sani ba alhali tuwonsa na cikin amsar. Mu da muke da ido biyu kullum muna faɗin abin da ba mu gani ba. Kai da aka yarda da kai har ba a bincikenka, ka ajiye yardar a gabanmu da hannunka, ranar Sallah, ba wanda ya tilasta ka.

Bayan shuka ta ƙone na fara zuwa ina zama da shi, don kunya ta hana ni sakat. Ban yi masa amfanin kirki ba. Nakan ce ga wata baƙa ta sauka, ya ce duk baƙaƙe ne, Malam, wace sheƙa? Kafin in gano sheƙar ta tashi. Wuyana ya yi ciwo, idona ya yi ruwa, na gane abin da muke kira zaman banza ya fi ƙarfin mai gaggawa. Bai taɓa yi mini tsawa ba. Iyakarsa ya ce, "Ita da tana daka ma take gani."

Kaka ta zo ba auki. Damin shamuwa bai zo ba, sai na Bulama da nawa, da ƙwaryar nono da Bappa Sajo ke aikowa duk Juma'a. Sauran gidaje kowa ya sami hujja: wai ai bana bai yi aiki ba. Maƙwabciyarsa Sabuwa ke dafa masa abin da ya samu, ita ta gaya mini yakan ce a rage hannu don ya kai rani. Ba zai kai ba, na leƙa rumbun da idona.

Makon jiya na je gaishe shi. Muna cikin magana ya ce, "Malam, kwana biyu ban ji motsinsu ba. Ko kunnen ma ya fara tafiya ne? Duba mini, suna nan?" Na ɗaga kai. Sheƙu ne kawai, ba ko ɗaya. Sun yi kudu ban san ko yaushe ba, gari guda mai ido ba wanda ya lura balle ya zo ya gaya masa. Bakina ya ɗauko "suna nan" don in faranta masa, sai na tuna wanda nake magana da shi. Na ce, "Sun tafi, Baba." Ya jinjina kai ya ce, "Allah ya kai su lafiya. Shekara talatin ban taɓa rasa ranar tafiyarsu ba." Sannan ya ce, "Abin da ke kaina bai tafi ba tukuna, Malam. In akwai mai so ya zo ya ɗauka tun ina nan."

Mun gode, Cindo. Mun gode da shekara talatin na ciwon wuya, mun gode da kwana goma sha ɗaya a gindin rumbu, mun gode da gaskiyar da ka faɗa ta ci maka abinci. Allah ya jiƙan Kande, wadda ta ciyar da mu damina uku muka saka mata da dariya. Allah ya sa idon da ka rasa a nan ka same shi a can.

Ku kuma mutanen Tsamiya Uku, da duk wanda aka karanta wa wannan takarda a zaure ko a kasuwa, abu biyu nake roƙo. Wanda aka tambaye shi abin da bai gani ba, ya yi irin ta Cindo ya ce bai gani ba. Na biyu kuma na gida ne. Ku kai masa daminsa, ba sadaka ba ce, haƙƙinsa ne. Sannan a sami mutum ɗaya, namiji ko mace, tunda mun ga mace ta iya, ya je ya zauna kusa da shi ya koya. Wata bakwai ya rage shamuwa su dawo. Su za su dawo, wannan ba shakka. Tsohon da ya san abin da suke faɗa kuwa, geron da ke rumbunsa na wata uku ne.